Girki a gida yayin rage ƙiba: tambayoyi da amsoshi ga masu fama da kasala

Duk wanda ya taɓa ɗaura niyyar rage ƙiba ya san wannan sa'a. Rana ta faɗi, an dawo a gajiye, ciki yana ƙugi, kayan cefane suna nan a ajiye, amma hannu ya riga ya kai ga waya, ko ƙafa ta karkata zuwa gidan abinci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke ta maimaituwa a bakin masu wannan fama. An fara da na farko-farko, aka gangaro zuwa masu buƙatar dogon bayani.

1. Da gaske girki a gida yana taimakawa wajen rage ƙiba, ko faɗa ce kawai?

Yana taimakawa, kuma an auna. Julia Wolfson da Sara Bleich na Jami'ar Johns Hopkins sun duba bayanan cin abinci na manya sama da 9,000 a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2015. Waɗanda ake dafa abincin dare a gidajensu sau 6 zuwa 7 a mako suna cin kalori (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) 2,164 a rana, waɗanda kuma ake dafawa sau ɗaya ko ba a dafawa sam suna cin 2,301. Sukarin masu girkin ma ya fi ƙaranci: giram 119 a rana, na ɗaya ɓangaren 135. Tazarar ba ta kai kalori 140 ba, amma kullum ce, kuma ƙiba da ma a hankali take taruwa.

Sai dai irin wannan bincike yana nuna abubuwa biyu ne suna tafiya tare, bai tabbatar da cewa girkin kaɗai ne sanadi ba. Tukunyar gida ba ta da wani sirri. Abin da take ba ka shi ne iko: kai ke zuba mai, kai ke zuba gishiri, kai ke yanke girman abin da zai hau faranti. In ka saki wannan ikon, a gida ma za ka ƙara nauyi, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 11.

2. Me ke cikin abincin waje da ya sa ya fi nauyi?

Mai, sukari, gishiri, da yawan abin da ake zubowa. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali na sitaci ko na furotin 4 ne kacal. Babban cokali ɗaya na man girki ya kai kalori 120, kuma ba ka ganinsa bayan ya shige cikin abinci. Lemon gwangwani mai mililita 330 yana iya zuwa da sukari giram 35, wato wajen kalori 140 da ba sa tare maka yunwa ko kaɗan.

A 2018 Eric Robinson da abokan aikinsa a Jami'ar Liverpool sun tattara alƙaluman abinci sama da kala 13,000 daga manyan gidajen abinci na Birtaniya. Faranti guda a wuraren da ake zama a ci ya tashi a kan kalori 1,033, na wuraren abincin gaggawa kuma 751, ban da abin sha da kayan zaƙi. Wato wurin da ake wa kallon mai tsari ya fi wanda kowa ke zargi nauyi. Ga kuma abin da Barbara Rolls ta nuna a 2002 a Jami'ar Jihar Pennsylvania: da aka ninka abin da aka ajiye wa mutane a gabansu, sun ci ƙarin kashi 30 cikin ɗari, kuma da aka tambaye su ba su ce sun fi ƙoshi ba.

Mai gidan abinci ba maƙiyinka ba ne. Sana'arsa ita ce ka ji daɗi ka dawo gobe, lissafin ƙugunka kuwa ba ya cikin aikinsa.

3. Na san duk wannan, amma da yamma sai in kasa. Rashin himma ne ke damuna?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma a ganina an fi zaluntar kai a kanta. Mutum yakan ɗauki niyya da safe, bayan ya yi barci ya karya kumallo, sannan ya bar wa wani mutum dabam cika alƙawarin: shi kansa na ƙarfe bakwai na dare, wanda ya yini a tsaye, ya sha cunkoson hanya, yunwa tana cinsa. Masanin halayyar tattalin arziki George Loewenstein ya daɗe yana rubutu a kan wannan giɓi, cewa wanda yake cikin natsuwa ba ya iya kintata yadda yunwa ko gajiya za su juya masa tunani. Mai ƙoshi bai san halin mai yunwa ba, ko da kuwa su biyun mutum ɗaya ne.

Yanzu ƙirga abin da ke gaban mai yunwar nan. In zai yi girki sai ya yi tunanin abin da zai dafa, ya duba ko akwai kayan, ya jira nama ya saki daga ƙanƙara, ya wanke, ya yanka, ya ɗora, ya jira, ya ci, sannan ya fuskanci wanke-wanke. In zai yi oda, danna waya ne sau uku. Ba wani mai hankali da zai yi mamakin wanda ya ci wannan gasa. Saboda haka neman ƙarin himma ɓata lokaci ne, domin himma baƙuwa ce, tana zuwa tana tafiya. Abin yi shi ne a rage nisan da ke tsakanin yunwa da farantin gida, a kuma ƙara nisan da ke tsakaninta da abincin waje, kuma a yi wannan aikin a lokacin da ake da ƙoshi da ƙarfi.

Kusan duk amsoshin da suka biyo baya hanyoyi ne na yin hakan. Tambaya ta 6 da ta 7 suna gajarta hanyar tukunya, ta 14 tana tsawaita ta waya.

4. To ta ina zan fara?

Da kallo. Ɗauki mako guda kada ka sauya komai, sai dai duk sadda ka ci a waje ka rubuta ranar, da lokacin, da abin da ya faru kafin nan. Yawanci sai ka ga abin yana da ƙa'ida: ranakun da ka tsallake abincin rana, ranakun da aiki ya riƙe ka, ko ranar da cefane ya ƙare. Daga nan zaɓi dare biyu kacal da za ka yi girki. Wanda ke cin waje sau goma a mako, in ya ce daga gobe ya daina gaba ɗaya, da wuya ya kai Alhamis.

Sannan ka ɗaure niyyar da wani abu da ke faruwa tabbas. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya nuna cewa shirin da aka tsara a siffar "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ya fi cika a kan niyya ta gaba ɗaya. "Zan riƙa girki" ba ta da rana, ba ta da lokaci. Amma "idan na shigo gida ranar Talata, zan ɗora ruwa a wuta kafin in zauna" tana gaya wa hannu abin da zai yi. Ka riƙe wannan "kafin in zauna" da kyau. Da yawan girki a kan kujera yake mutuwa, domin jikin da ya sami wurin jingina ba ya son tashi.

5. Ban iya girki ba sam. Sai na koya tukuna?

Abinci uku sun ishe ka farawa. Zaɓi ɗaya na ƙwai, ɗaya na wake ko dangoginsa, ɗaya na kifi ko kaza, ka yi ta maimaita su har hannunka ya san su ba sai ka duba rubutu ba. Wanda ke neman sabon girki kullum yana ƙara wa kansa aikin tunani ne a daidai lokacin da tunanin ya gaji.

Wajen zubawa, raba farantin da ido: rabi kayan lambu, kwata furotin, kwata shinkafa ko dankali ko taliya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, kuma wannan rabin faranti shi ne hanya mafi sauƙi ta kusantar adadin. In na farko ya kama ko gishiri ya zarce, haka kowa ya fara.

6. Nakan dawo a gajiye liƙis. Me zan iya yi cikin minti goma sha biyar?

Ka tanadi abin da zan kira abincin ranar wahala, wanda kayansa ba sa saurin lalacewa kuma ba sa yankewa a gidanka: ƙwai, kifin gwangwani, waken gwangwani, daskararrun kayan lambu, albasa, tumatir, da ɗan hatsin da ke saurin dahuwa. Ƙwai biyu suna ba da furotin wajen giram 12 a kan kalori kusan 150, kuma cikin minti biyar sun nuna. Waken gwangwani ka tsiyaye ruwansa ka ɗauraye, gishirinsa zai ragu sosai. Daskararrun kayan lambu kuwa kada ka raina su: ana daskarar da su jim kaɗan bayan girbi, sinadaransu suna nan, kuma an riga an wanke an yanka maka. Abincin nan ba na nuna wa baƙo ba ne, amma da babu gara ba daɗi, kuma sau da yawa ya kan riga mai kawo oda isowa.

Akwai wata dabara da ta fi wannan tasiri. Kada ka shiga kicin da yunwa mai zafi. Ci ɗan wani abu wajen ƙarfe huɗu ko biyar, ko da zarar ka shigo: tuffa, ayaba, yogot marar sukari, ko dafaffen ƙwai. Wasu suna gudun haka wai kada su ƙara kalori. Kalori 100 da za su ba ka haƙurin tsayawa gaban tukunya sun fi 1,000 da yunwa za ta sayo maka.

7. Ana ta cewa a dafa abincin mako guda a rana ɗaya. Dole ne?

Ba dole ba ne, ko da yake tushen shawarar daidai ne, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Inda mutane ke faɗuwa shi ne su cika robobi bakwai da abinci iri ɗaya. Litinin da daɗi, Talata da dama-dama, ranar Laraba ya ginshe su, sai a koma waje, abincin ya lalace a firij, a tara asara da jin kunya.

Abin da ya fi ɗorewa shi ne a tanadi sassa, a bar haɗawa sai ranar ci. Tukunyar wake, gasasshiyar kaza ko kifi, miyar tumatir da albasa da ba a cika wa kayan ƙamshi ba, da yankakkun kayan lambu. Yau ka haɗa wake da ganye da lemon tsami, gobe kaza da miya da barkono, jibi ka fasa ƙwai a cikin miyar. Kayan ɗaya ne, baki kuwa yana jin sabon abu. Zama biyu na awa ɗaya a mako sun fi yini guda cur, kuma sun fi dacewa da iyakar kwanakin da aka faɗa a tambaya ta 8.

In ma wannan ya yi maka yawa, ninka duk abin da ka dafa, ka sa rabi a firiza da kwanan wata a jikin robar. Bayan mako uku za ka tarar kana da abinci kala-kala da ke jiran ɗumamawa kawai.

8. Kwana nawa dafaffen abinci zai yi bai zama haɗari ba?

Kada ya wuce awa biyu a waje bayan an sauke, in kuma ana tsananin zafi, sama da digiri 32 na ma'aunin Celsius, awa ɗaya. A firij mai sanyin digiri 5 ko ƙasa da haka, kwana uku zuwa huɗu. A firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili yana yin watanni, sai dai ɗanɗano ya ragu. Zuba shi a mazubai marasa zurfi don ya huce da wuri, kuma in za ka ɗumama, ya yi zafi har tsakiya yana tururi, wajen digiri 74.

Shinkafa tana son kulawa ta musamman. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta daɗe a ɗumi sai ta fitar da dafin da ɗumamawa ba ta kashe shi. Sanyaya ta da sauri, ka cinye washegari ko ka daskarar. Wanda ba shi da firij, ko wutarsa ba ta da tabbas, ya bar girkin kwanaki, ya dogara da busassun kaya da na gwangwani da girki kaɗan-kaɗan irin na tambaya ta 6.

9. Abincin da nake dafawa don rage ƙiba salam yake. Ta yaya zan so shi?

Ba za ka so shi ba, kuma bai kamata ka tilasta wa kanka ba. Dafaffiyar kaza fara fat da ganyen da aka tafasa har ya mutu ba su da abin da za su yi gogayya da abincin waje. Mutane da yawa suna ɗauka cewa sai abinci ya zama horo kafin ya rage ƙiba, kuma wannan tunanin ya mayar da mutane gidan abinci fiye da kwaɗayi.

Ɗanɗano yana da ƙofofi da yawa da ba su da kalori. Bari albasa ta yi laushi a kan wuta kaɗan har ta yi ja ta fitar da zaƙinta. Tsane ruwan jikin nama ko kifi, ka sa a kasko mai zafi, kada ka juya sai gefen ya yi launin ƙasa, domin a nan ƙamshin yake. Ɗan soya kayan ƙamshi na daƙiƙa talatin kafin ka zuba ruwa. Tafarnuwa, citta, barkono, da ɗanyen ganye mai ƙamshi a ƙarshe. In ka ɗanɗana ka ji wani abu ya rage, gwada matsa lemon tsami kafin ka ƙara gishiri, sau da yawa tsami ne ya yi ƙaranci. Kayan lambu kuma a sauke su da sauran ƙarfinsu. Mai a auna shi, kada a kore shi: cokali ɗaya yana ɗaukar ƙamshi ya raba ko'ina, kuma jiki yana buƙatarsa don ya sha bitamin A da D da E da K.

Gishiri dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali guda. Harshen da ya saba da na waje zai ji na gida da lami a farko, amma in ka rage a hankali, cikin 'yan makonni yakan daidaita. Kuma ka koyi dafa abin nan da ka fi saya a waje. Ko da naka bai kai nasu ba, zai kashe marmarin, da rabin mai.

10. In na sayo abincin leda ko na kwali na ɗumama a gida, ya shiga lissafin girki?

Ya danganta da abin da ke ciki. Daskararren kifi, waken gwangwani da yankakken ganye abinci ne da aka rage maka wahalarsa, ka yi amfani da su ba tare da wani nauyin zuciya ba. Abincin da masana'anta ta sarrafa har ya fita daga kamanninsa kuwa wani abu ne dabam. A 2019 Kevin Hall na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike na mako huɗu. Mako biyu ana ba su irin wannan abinci, mako biyu kuma wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, an daidaita sukari da mai da gishirin da aka gabatar musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A sauran makonnin suka sauke kusan kilo ɗaya, ba wanda ya ce su rage ci. An lura kuma sun fi saurin cinye na masana'antar.

11. Wata guda ke nan ina girki a gida, amma sikeli bai motsa ba. Ina matsalar?

Fara duba kwalbar mai. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a wajen mai ido yana yawan kuskure. Abin da ka tsiyaya ka ce cokali ɗaya ne yana iya zama uku, kalori 360 ke nan tun ba a sa komai a kasko ba. Sai ɗanɗane-ɗanɗanen bakin tukunya, da ragowar farantin yara, da ƙari na biyu saboda tukunyar tana kusa, da sukarin shayi, da lemo. Wani bincike da aka buga a mujallar likitanci ta New England a 1992 ya bi mutanen da suka ce suna cin kaɗan amma ba sa ramewa, aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin ɗari. Ba ƙarya suke yi ba, haka ƙwaƙwalwar kowa take mance ƙananan loma. Auna mai da cokali, auna shinkafa da kofi, na mako biyu kawai, ido zai koyi gaskiya. Zuba abinci a kicin, ka rufe saura kafin ka zauna.

Shi ma sikelin yana da nasa ruɗin. Ruwan jiki, gishirin jiya, da al'adar mata suna iya motsa nauyi da kilo ɗaya ko biyu cikin kwanaki. Hau shi da safe a yanayi iri ɗaya, ka kwatanta mako da mako, ka kuma auna ƙugu. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da likitoci suka fi yarda da shi, kuma sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ya isa a ga canji a hawan jini da sukarin jini.

12. Ba girkin nake ƙi ba, wanke-wanke ne.

To ka zaɓi girkin tukunya ɗaya ko tire ɗaya. Cika roba da ruwan sabulu kafin ka kunna wuta, ka riƙa jefa wuƙa da cokali a ciki, ka wanke su yayin da abinci ke dahuwa. Kada ka kwanta da datti a kicin, saboda tarin kwanukan jiya shi ne ke hana girkin yau.

13. Ni kaɗai ke rage ƙiba a gidan, maigida da yara ba ruwansu. Sai in riƙa tukunya biyu?

Kada ki fara, ba za ki jure ba. Tukunya ɗaya, faranti dabam-dabam. Ki dafa abin da kowa zai ci da man da kika auna, ki ƙara kwanon kayan lambu a gefe. Naki farantin ya bi rabon da ke tambaya ta 5, nasu ya fi yawan sitaci, mai son ƙarin mai ko miya ya ƙara a nasa. In kika rage mai da gishiri sannu a hankali, da wuya wani ya lura.

Ki kuma nemi taimako da sunan aiki takamaimai. "Ku taya ni" ba ta kai "kai ne mai yanka albasa ranar Laraba" ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yaron da ya sa hannu a girki ya fi yarda ya ɗanɗana ganyen da ya wanke da kansa. Wanda ke zaune shi kaɗai kuwa matsalarsa kishiyar wannan ce, girki don baki ɗaya yana zuwa da kaɗaici. Katy Milkman ta Jami'ar Pennsylvania ta gwada haɗa abin da mutum ke so da abin da yake gudu, ta bar mutane su saurari labarai masu jan hankali a wurin motsa jiki kaɗai, zuwansu ya ƙaru. Ware wani shiri da kake so, kada ka saurare shi sai a kicin.

14. Manhajar oda ce ke kayar da ni. In goge ta?

Goge ta, ko aƙalla ka cire katin bankinka daga ciki, ka kashe sanarwarta. An gina ta ne don kada ka sami daƙiƙar tunani, kuma saƙon rangwame yakan shigo daidai lokacin da yunwa ta taso. In sai ka sake sauke ta ka shigar da lambobi kafin ka yi oda, ka sami minti biyar, kuma cikin minti biyar ƙwai ya nuna. In gidan abincin a kan hanyarka yake, sauya hanya a dararen girki. Wasu kuma suna ware kuɗin duk odar da suka fasa a wuri guda, ganin abin yana taruwa yana ƙarfafa su fiye da sikeli.

15. Na yi kwana goma lafiya, jiya na ci a waje har na wuce misali. Na rushe komai ko?

Abinci ɗaya ba ya rushe kwana goma. Abin da ke rushewa shi ne tunanin da ke biyo baya, wato "tunda na ɓata, bari in ƙarasa, sai Litinin." Peter Herman da Deborah Mack sun nuna wannan tun 1975. Sun ba mutane madara mai zaƙi da kauri su sha, sannan suka ajiye musu askirim. Waɗanda ba sa takura wa kansu wajen ci don rage ƙiba sun ci kaɗan tunda sun riga sun ƙoshi. Masu takura wa kansu kuwa, da suka ga sun karya doka, sai suka ci fiye da yadda za su ci in ba su sha komai ba.

Don haka kada ka yi wa kanka horon yunwa yau don ramuwa, wannan shi ke kai ka ga odar dare. Ci abincinka na gaba a gida kamar yadda ka saba. Nauyin da ka gani da safe yawancinsa ruwa ne da gishiri ya riƙe. Sannan koma ga takardar tambaya ta 4 ka duba abin da ya faru kafin faɗuwar, ko cefane ne ya yanke, ko abincin rana ka tsallake, ko barci ne bai samu ba.

16. Me ya haɗa barci da girki?

A 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago sun taƙaita barcin samari 12 zuwa awa huɗu na dare biyu. Sinadarin leptin mai sanar da ƙoshi ya sauka da kashi 18 cikin ɗari, ghrelin mai tayar da yunwa ya hau da kashi 28, kuma sha'awarsu ta fi karkata ga kayan zaƙi da gishiri da sitaci. Ranar da ka kwana kana juyi, ka san da yamma za a yi fama, ka fitar da abincin firiza tun da safe.

17. Yaushe abin zai zama sabo, in daina kokawa da kaina?

Maganar da ake yawan yi cewa sabo yana kafuwa cikin kwana 21 ba ta da tushe mai ƙarfi. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga matsakaicin lokacin da abu ke zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Abu mai sauƙi kamar shan ruwa ya fi saurin kamawa, girki kuwa mai matakai ne, don haka ka ba shi watanni. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Alamar da za ka fara gani ita ce ranar da ka tsinci kanka kana yanka albasa ba tare da ka yi shawara da zuciyarka ba. In dare biyun nan na tambaya ta 4 sun zauna, ƙara na uku.

18. Ke nan na yi sallama da cin abinci a waje da abokai?

A'a. Tsarin da zai raba ka da mutane ba zai yi tsawon rai ba. Bambancin da ya kamata ka kula da shi yana tsakanin cin da ka zaɓa da cin da gajiya ta zaɓa maka. Na farko ka sa masa rana, sau ɗaya ko biyu a mako, ka je ka ji daɗinsa. Duba jerin abincin tun kana gida ka yanke shawara, kada ka je da yunwar yini, zaɓi gasasshe a kan soyayye, ka ce a kawo miya ko abin haɗi a gefe, ka sha ruwa a maimakon lemo. In farantin ya yi girma, a ƙunshe maka rabi tun kafin ka fara. Mutane sukan ci fiye da ƙa'idarsu in suna cikin taro saboda hira tana tsawaita zama, don haka in ka ƙoshi ka sa a ɗauke farantin.

19. Akwai wanda bai kamata ya bi waɗannan shawarwari shi kaɗai ba?

Akwai. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, in ya rage sitaci ba tare da an daidaita masa magani ba, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa ta yadda zai zama haɗari. Mai ciwon ƙoda yana da iyaka a kan furotin da wasu kayan lambu, kuma gishirin da ake sayarwa a matsayin madadi yawanci na fotasiyam ne, wanda ke iya cutar da shi da masu shan wasu magungunan hawan jini. Mai juna biyu da mai shayarwa da yaro mai tasowa ba a sa su rage ci sai da likita.

Haka kuma in kasalar ba a kicin kaɗai ta tsaya ba, ta kai ga wanka da fita da abubuwan da ka saba jin daɗinsu har mako biyu ko fiye, wannan yana iya zama ciwon damuwa, ko ƙarancin jini, ko matsalar maƙogwaron da ake kira tayirod, kuma duk ana gane su a asibiti. In kuma awon abinci ya koma tsoro, kana ɓoyewa ka ci da yawa sannan ka yi amai ko ka yini ba ci, ajiye cokalin awo da sikelin, ka je ka ga likita a wannan makon.